Fatsa a Gindin Madatsar Garrison

Ranar da na fara jefa fatsa a kogin Misuri, wani yammaci ne na ƙarshen watan Oktoba, sanyi kuwa ya hana ni ɗaura ƙugiya da hannuna. Sau uku zare yana kuɓuce wa yatsuna, har wani dattijo da ke tsaye a kan duwatsu kusa da ni ya ajiye sandarsa, ya karɓi tawa, ya ɗaura mini. Wurin shi ne gindin madatsar ruwa ta Garrison, a tsakiyar jihar Dakota ta Arewa ta ƙasar Amurka, inda ruwan da ya gama juya injinan lantarki yake fitowa da ƙarfi ya ci gaba da tafiyarsa kudu. Karatu ne ya kai ni jihar, abokan karatu kuma suka ja ni bakin kogi. Kifin da kowa ya zo nema a wurin shi ne wanda mutanen ƙasar ke kira wolai. Ta dalilinsa na san tarihin da zan bayar a nan.

Wolai kifi ne dogo, bayansa kore ne mai duhu, gefensa ruwan zinariya, bakinsa cike da haƙora masu tsini. Wanda aka fi kamawa bai cika wuce kilo ɗaya ko biyu ba. Namansa fari ne, ƙarninsa kaɗan, shi ya sa mutanen arewacin Amurka da Kanada suka fifita shi a kan sauran kifayen kogi. Daga idonsa ya samo sunansa. A can bayan ƙwayar idon akwai wani shimfiɗe mai mayar da haske, irin wanda ke sa idon kyanwa ƙyalli da dare. Wannan ya ba shi gani a cikin duhu, ya kuma sa hasken rana yana damunsa. Da rana sai ya nutsa can cikin zurfi ya lafe. Idan magariba ta kawo jiki sai ya taso zuwa gefe, yana farautar ƙananan kifaye da ba su da gani irin nasa. A wannan lokacin ne talakan masunci, wanda ba shi da kwalekwale sai ƙafafunsa, yake samun rabonsa daga gaɓa.

Dattijon ya lura da inda nake jefa fatsata, sai ya girgiza kai. Ya ce, “Ɗana, tsakiyar ruwa ba ta da kowa. Dubi inda kumfa ya ja layi, inda ruwa mai gudu ya haɗu da mai kwanciya. A nan yake fakewa bayan dutse, yana jiran abinci ya zo ya same shi.” Ya nuna mini ƙugiyar da ake amfani da ita, mai ɗan kan dalma, wadda ake soka wa ɗan ƙaramin kifi. Ana jefa ta sama da inda mutum yake tsaye, a bar ta ta nutse har a ji ta taɓa ƙasa, sannan a ɗaga bakin sanda kamar taki ɗaya, a sake saki. Wolai ba ya fizga kamar tarwaɗa. Ɗan ƙwanƙwasa kawai za ka ji a zare, ko kuwa ka ji zaren ya yi nauyi. A daren nan duwatsu sun cinye mini ƙugiya huɗu, ban kama ko ɗaya ba. Dattijon kuwa ya cika biyar ɗin da dokar jihar ta yarda mutum ya ɗauka a rana.

Akwai dalilin da ya sa kifi yake taruwa a gindin madatsa. Wanda ya taso daga ƙasa yana neman haurawa, a nan hanyarsa take ƙarewa. Ƙananan kifayen tafkin da ruwa ya ja suka bi ta cikin injina suna fitowa a galabaice, wasu ma a mace, sun zama abinci a sauƙaƙe. Ruwan kuma daga can cikin zurfin tafki ake sako shi, saboda haka yana da sanyi a lokacin zafi, ba ya kuma daskarewa a bakin madatsar ko da ƙanƙara ta rufe ƙasar baki ɗaya. Idan mai fatsa ya waiwaya, abin da zai gani a bayansa tulin ƙasa ne mai tsawon fiye da kilomita 3 da tsayin mita 64. A bayan wannan tulin tafkin Sakakawea yake kwance, tsawonsa ya kusa kilomita 290.

Muna naɗe kaya dattijon ya gaya mini, cikin alfahari, cewa mahaifinsa yana cikin ma’aikatan da suka gina madatsar, kuma shi kansa a Riverdale aka haife shi, garin da gwamnati ta kafa domin ma’aikatan. Ya ce mahaifin nasa yakan ba shi labari cewa a dā kogin laka ne zalla, in ka tsoma hannu ba ka ganin yatsunka. Na dubi ruwan da ke gabanmu, garau kamar na randa. Na ce, “Baba, kafin tafkin nan me ke wurin?” Ya ce garuruwa ne na ’yan asalin ƙasar, an tashe su. Bai ƙara komai ba, ni ma ban matsa masa ba. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. A kan hanyar komawa na yi ta tunanin cewa ba ya yin garau banza ma. Wannan tunanin ne ya kai ni ɗakin karatu.

Kabilu uku ne suka mallaki wannan yanki na kogin: Mandan, da Hidatsa, da Arikara. Manoma ne masu zaman gari, suna gina manyan ɗakuna na itace a lulluɓe da ƙasa. Arzikinsu yana cikin fadamar kogin, inda ambaliya take shimfiɗa sabuwar laka. Mata ne ke noma, suna shuka masara da wake da kabewa, kuma garuruwansu sun zama kasuwa ga makiyaya da mafarauta na nesa. A wajensu ne Lewis da Clark, ’yan binciken da gwamnatin Amurka ta aika su gano hanyar yamma, suka yi zaman hunturu daga 1804 zuwa 1805. A nan suka haɗu da Sakakawea, matashiyar da ke zaune cikin Hidatsa, wadda ta raka su har bakin teku. Sunanta ne aka sa wa tafkin da ya cinye gonakin mutanen da ta zauna a cikinsu.

Su ma masunta ne, amma kifinsu na laka ne, musamman tarwaɗa. Sukan kafa shinge na sanduna a gefen kogi inda ruwa bai da zurfi, su rataya ruɓaɓɓen nama a ciki, kifi ya bi wari ya shiga, a rufe ƙofa a kwashe. Ba kowa ke da izinin kafa wannan tarko ba, sai wanda ya sayi haƙƙinsa tare da waƙoƙi da al’adun da ke tafe da shi. A shekarar 1837 wani jirgin ruwan ’yan kasuwar fata ya kawo musu cutar agana. Mandan, da suka haura dubu, waɗanda suka tsira a cikinsu ba su kai 150 ba. Shugabansu mai suna Four Bears yana cikin waɗanda cutar ta kashe. A 1845 sauran Mandan da Hidatsa suka haɗu suka kafa sabon gari a wata kwana ta kogin, Arikara kuma suka iske su a 1862. Saboda yadda kogin ya lanƙwasa a wurin, sunan da suka ba garin yana nufin “Kamar Ƙugiya”.

Yarjejeniyar Fort Laramie ta 1851 ta amince musu da ƙasa mai faɗin fiye da eka miliyan 12. Daga baya gwamnati ta yi ta yankar ta da umarnin shugaban ƙasa da dokokin majalisa, har abin da ya rage, wato keɓaɓɓen yankin Fort Berthold, ya koma kimanin eka miliyan ɗaya. Duk da haka fadamar tana hannunsu, kuma ita ce ta riƙe su. A cikinta suke da lambuna, da itacen gini da na wuta, da maɓuɓɓugan ruwa, da ’ya’yan itatuwan daji, da mafakar shanu idan iskar hunturu ta taso. Garin Elbowoods shi ne cibiyarsu, a nan asibiti da makaranta da ofishin hukuma suke. Al’ummar da ta kusa ƙarewa a 1837 ta yi shekara ɗari tana farfaɗowa, kuma zuwa shekarun 1940 tana ciyar da kanta.

A shekarar 1943 Misuri ya yi ambaliya mai tsanani a can ƙasa, ya shiga birnin Omaha, ya lalata gonaki da gidaje. Kanar Lewis Pick na Sashen Injiniyoyin Sojan Amurka ya tsara yadda za a daddatse kogin domin hana ambaliya da sauƙaƙa zirga-zirgar jirage. Wani injiniya na hukumar noman rani, William Glenn Sloan, shi ma yana da nasa tsarin. Aka haɗa biyun, Majalisar Dokokin Amurka ta amince da su a dokar hana ambaliya ta 1944. Manyan madatsu biyar aka gina a kan kogin a ƙarƙashin wannan shiri, Garrison tana cikinsu. Ba a nemi shawarar kabilun uku ba kafin a zaɓi wurin. Da suka ji labari sun yi ta kai kuka Washinton, har suka yi tayin ba da wani wuri a can sama kyauta, inda ɓarnar ba za ta kai haka ba. Injiniyoyin suka ƙi. A 1947 aka kama aikin gini gadan-gadan, tun ba a gama maganar diyya ba.

Akwai wani hoto da aka ɗauka a Washinton a watan Mayun 1948, wanda na daɗe ina kallo a ɗakin karatu. Sakataren harkokin cikin gida, Julius Krug, yana zaune yana sa hannu a takardar sayen ƙasar. Mutane sun kewaye shi sanye da kwat. A gefe shugaban majalisar kabilun, George Gillette, yana tsaye, ya cire tabarau, ya rufe fuskarsa da hannu yana kuka. Ya faɗa a ranar cewa da baƙin ciki suke sa hannu. Ƙasar da aka karɓa ta haura eka 152,000, kuma kashi 94 cikin ɗari na gonakin yankin suna cikinta. Kuɗin farko dala miliyan 5.1 ne, a 1949 majalisa ta ƙara ya kai miliyan 12.6. Sai dai dokar da ta ƙara kuɗin ta hana su abubuwan da suka roƙa. Ba ta ba su ikon kiwo ko farauta ko su a gaɓar sabon tafkin ba. Da na karanta wannan, sai na tuna da takardar izinin fatsa da ke aljihuna, wadda ni baƙo na saya cikin minti biyar.

A 1953 aka rufe bakin kogin, Shugaba Eisenhower ya zo bikin da kansa. Ruwa ya fara hawa a hankali. Iyalai 325, kimanin kashi 80 cikin ɗari na mutanen yankin, suka kwashe kayansu suka hau tudu, inda iska ba ta da shamaki kuma ƙasar ba ta karɓar irin noman da suka gada. An tone kaburbura an mayar da su sama. Elbowoods ya nutse da asibitinsa. Garuruwan Sanish da Van Hook, inda Turawa suka fi yawa, su ma ruwa ya tashe su, aka kafa wani sabon gari mai suna New Town. Tafkin ya raba yankin gida biyar, ’yan’uwan da a dā ƙetare kogi kawai ke tsakaninsu suka koma sai sun yi doguwar tafiya a mota kafin su ga juna. Kufan Kamar Ƙugiya, wanda aka bari tun shekarun 1880, masu binciken kayan tarihi sun yi ta tononsa cikin gaggawa kafin ruwa ya iso shi.

Abin da ya sami mutane ya sami kifi. Lakar da kogin ya saba ɗaukowa daga yamma yanzu a bakin tafki take kwanciya, ruwan da ke fita ta madatsa kuwa tatacce ne mai sanyi. A zamanin laka wolai bai da yawa a nan. Wani ɗan’uwansa mai jure wa gurɓataccen ruwa ya fi shi yawa, tare da tarwaɗa da sauran kifayen da ke neman abinci da gashin baki da ƙamshi. Wolai yana zuba ƙwansa a kan tsakuwa da duwatsu a farkon bazara, laka kuwa tana binne ƙwan ta kashe shi. Da ruwa ya washe, gaɓar tafki ta zama tsakuwa, sai wurin ya zame masa gida. Hukuma ta ƙara masa da taimako. A 1971 an zuba wani ɗan ƙaramin kifi mai sheƙi a cikin tafkin domin ya zama abincin manyan kifaye, kuma shi ne wanda injina ke fitarwa a galabaice a gaban masu fatsa.

A gindin madatsar, ɗan nesa kaɗan da inda muke tsayawa, gwamnatin tarayya tana da gidan ƙyanƙyasar kifi, ɗaya daga cikin mafiya girma a ƙasar wajen samar da wolai. Miliyoyin ’ya’yan kifi ke fita daga tafkunansa kowace shekara zuwa ruwaye na kusa da na nesa. A wannan gidan kuma ake renon wani kifi dabam, farin istajin, mai dogon baki kamar shebur da ƙasusuwa jere a baya kamar sulke. Tsohon ɗan kogin ne, zuriyarsa ta daɗe a duniya tun kafin ɗan’adam. Idan ƙwansa ya ƙyanƙyashe, ’ya’yan sukan bi ruwa kwana da kwanaki, tafiyar ɗaruruwan kilomita, kafin su yi ƙarfin tsayawa. Yanzu tafiyar tasu a bakin tafki take yankewa, su nutse cikin laka marar iska su mutu. A 1990 aka sa shi cikin jerin halittun da ke gab da ƙarewa. Rufi ɗaya ya haɗa kifin da madatsar ta ɗaukaka da wanda ta kusa shafewa.

Labarin bai zame mini baƙo ba, domin na tashi ina jin manya suna maganar tsohuwar Bussa, wadda ruwan madatsar Kainji ya rufe a 1968, aka tashi mutane kimanin 44,000 daga bakin Kwara. A Bussa ne Mungo Park ya halaka a 1806, shekarar da Lewis da Clark suka sake biyowa ta garuruwan Mandan a kan hanyarsu ta komawa gida. Kogunan biyu sun ga ’yan bincike a lokaci guda, sun kuma ga injiniyoyi bayan kimanin ƙarni ɗaya da rabi. Na sha cin kifin Kainji ban taɓa tambayar abin da ke ƙarƙashin ruwan ba, sai da na je wata nahiya tambayar ta zo mini.

Adalci ya wajaba ga ɗaya ɓangaren ma. Mahaifin dattijon nan ba azzalumi ba ne, lebura ne da ya sami aiki bayan yaƙin duniya na biyu. Injina biyar na madatsar suna ba gonaki da garuruwa wuta, kuma birane na ƙasa sun tsira daga ambaliya sau da yawa. Su ya zama sana’a da abin shaƙatawa ga dubban mutane, har da ’ya’yan kabilun uku da ke fatsa a tafkin a yau. Abin da tarihi ya nuna shi ne yadda aka raba riba da hasara: amfanin ya bazu a kan jihohi da yawa, nauyin kuwa ya faɗa kan ’yan tsirarun da ba a tambaye su ba. Gwamnati da kanta ta amsa haka daga baya. A 1992 majalisa ta ware dala miliyan 149.2 a matsayin ƙarin diyya ga kabilun. Sai a 2011 aka buɗe cibiyar lafiya a New Town mai ɗauke da sunan Elbowoods, kusan shekara sittin bayan nutsewar asibitin farko. A wannan shekarar ce kuma ruwa ya yi yawan da ya tilasta buɗe ƙofofin malalar madatsar a karon farko, ambaliya ta shiga unguwannin Bismarck, babban birnin jihar. Ko a wajen hana ambaliya, kogin bai gama miƙa wuya ba.

Da watan Afrilu ya kama, na ɗauki mota na zagaya har New Town. Na tsaya a kan tudun da ke kallon gadar Four Bears, wadda aka sa wa sunan shugaban nan da agana ta kashe. Tsohon Sanish yana kwance a ƙarƙashin ruwan da ke gabana, Elbowoods da Kamar Ƙugiya kuma suna can kudu maso gabas, babu wata alama a saman ruwa da za ta nuna inda suke. Kwalekwalen masu neman wolai suna ta kai da kawowa.

Daga can na gangara gindin madatsa kafin faɗuwar rana, na tarar da dattijon a kan dutsensa na kullum. A wannan karon da hannuna na ɗaura ƙugiyata. Muna jiran duhu na ba shi labarin garin da ake kira Kamar Ƙugiya. Ya ce shekara sittin yana fatsa a kogin nan, bai taɓa jin sunan ba, mahaifinsa ma bai taɓa ambata masa ba. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya zaro takardar izininsa daga aljihu ya miƙo mini, ya ce, “Ɗana, rubuta mini shi a bayan nan, jikokina za su zo ƙarshen mako.” Na rubuta masa sunan da shekarar da aka kafa garin. Wajen ƙarfe tara na ji ɗan ƙwanƙwasa a zare, na ɗaga sanda, na jawo wolai na farko a rayuwata, idonsa yana ƙyalli a hasken tocila. Na kama na biyu kafin mu tashi. Washegari na soya su, na kira abokan karatuna, muka ci, na kuma ba su labarin fadamar tun daga farko.